Wasan kwamfuta a Linux: abin da matasan Garwa suka tsayar

Masu gyaran kwamfuta da 'yan wasa sun daɗe suna muhawara a Garwa kan ko Linux, tsarin sarrafa kwamfuta da ake sawa maimakon Windows, zai iya ɗaukar wasanni. Ga inda maganar ta tsaya.

Yawanci sun ce sabon shiga ya fara da nau'in Linux da ake kira Linux Mint, ya sa Steam, manhajar sayen wasanni da sauke su. Tun 2018 kamfanin Valve ya fitar da Proton, wanda ke sa wasannin Windows da yawa su tashi a Linux. Amma kafin ka ƙona datarka, leƙa shafin intanet na ProtonDB ka ga ko wasan yana aiki. Fortnite da Valorant kam ba sa tashi, saboda manhajarsu ta hana maguɗi. Mai katin hoto na AMD ya huta, direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, na cikin tsarin. Mai NVIDIA sai ya sa nasa.

Inda aka fi jan zance shi ne wasan da ke gudana a sabar nesa, wato kwamfutar kamfani da ke can wani wuri, hoto kawai ke zuwa maka. GeForce NOW, ɗaya daga cikin masu wannan hidima, na neman aƙalla megabit 15 a daƙiƙa, wato kusan gig 7 a awa guda. Wa zai iya wannan da datar waya? Ga nisa kuma: sabobin suna can wasu ƙasashe, ka danna maɓalli sai an jima hoton ya motsa. A ganina wasan ƙwallo ko na harbi ba zai yiwu haka ba.

Mai kwamfuta biyu a gida ya gwada Sunshine da Moonlight, manhajojin da ke tura hoton wasa daga wannan kwamfuta zuwa waccan; ba sa cin data. Wani ya ƙara da cewa a riƙa share ƙurar fanka, don zafin Afrilu ba ya raga wa na'ura.