Tazarar haihuwa da lafiyar ido: abin da aka tattauna

1. Tazara: kusan kowa ya yarda a kai shekara 2 kafin wani ciki, don kwanika na wahalar da uwa da yaron goye.

2. A yi shawara da maigida tukuna, kuma a je asibiti, kada a sayi ƙwaya a kemis da ka.

3. Nan aka rabu: wasu sun fi son allurar wata 3, wasu ashanar hannu (wadda ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse). Masu kukan rikicewar al'ada, an ce su koma wajen ma'aikaciyar jinya ta sauya masu.

4. Ido: daga shekara 40 a riƙa gwaji, musamman masu ciwon suga. Hawan jinin ido ba ya sallama, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa.

5. Yanar ido ana cirewa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya. Don Allah kada a ɗiga wa iyayenmu ruwan ganye.