Haska hoton daji a bangon tsohon gini

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Muna son haska hoton bishiyoyi da tsuntsaye a bangon wani tsohon bene a unguwar Popo Aguda da ke Legas. Wace furojekta za ta isa?

Mai wayarin: Wa alaikumus salam. Fitilun titi ne matsalarka. Ƙasa da lumen 10,000 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin hasken furojekta) hoto zai dushe, balle kore a kan fenti mai duhu.

'Yar Idi-Araba: Malam, ɗauki hoton bangon daga inda za ka kafa na'urar, ka rufe tagogi da baƙi a MadMapper, wato manhajar daidaita hoto a jikin gini, kada haske ya faɗa ɗakin mutane. Ka ɗaure furojektar tamau, ko gusawa kaɗan ta yi, reshe ya hau taga.

Mai wayarin: Kada ka jona kai tsaye a janareta, sa UPS tsakani, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke. In babu shi, wuta na yankewa fankar furojekta ta tsaya, zafi ya cinye kwan.