Ina son karanta injiniyan lantarki amma ba ni da Fiziks, akwai mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Na gama sakandare bara, ina da kiredit a Turanci, Lissafi, Kemistiri, Bayoloji da Aikin Gona. Fiziks kam ban ma zauna mata ba, domin tun muna SS1 malaminmu ya bar makarantar, ba a kawo wani ba har muka fita. Yanzu ina koyon gyaran inbata da haɗa sola a shagon kawuna, kuma burina in karanta injiniyan lantarki a BUK ko ABU. Wani ya ce min in bi ta poli, wai can ba sa tsananta maganar Fiziks. Wani kuma ya ce IJMB zan yi, wato shirin karatun share fagen shiga jami'a, a wuce da ni aji biyu. Wanne ne gaskiya? Ba na son in ɓata kuɗin mahaifina a kan fom ɗin da ba zai kai ni ko'ina ba.

Malamin sakandare: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gara ka ji ta tun yanzu: duk ƙofar da ka nufa a Najeriya, sai an tambaye ka Fiziks. A JAMB darussan wannan kwas huɗu ne, Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. A takardar sakandare kuma kiredit biyar ake nema, kuma waɗannan huɗun dole suna ciki. Kiredit na nufin C6 zuwa sama, ko D7 ba ta shiga lissafi. Bayoloji da Aikin Gona za su iya cika maka na biyar, amma ba ɗayansu da zai zauna a gurbin Fiziks.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne yawancin jami'o'i suna karɓar sakamakon zama biyu. Wato takardarka ta bara tana nan daram, Fiziks kawai za ka nemo ka haɗa. NECO tana yin jarrabawar 'yan waje wajen Nuwamba da Disamba, WAEC ma tana da tata ta masu zaman kansu sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara ɗaya can wajen ƙarshenta. Ka duba kundin kwasa-kwasan JAMB ka tabbatar jami'ar da kake so ta yarda da zama biyu kafin ka biya ko sisi.

Maman 'yan biyu: Ni dai da zai ji tawa, ya canza kwas kawai. Da takardar nan tasa akwai abin da zai samu bana a ɓangaren noma. Shekara guda ba wasa ba ce, yaro yana zaune sa'anninsa suna wucewa.

Ɗalibin aji huɗu: Hajiya, ai ba zaune yake ba, yana shago. Kuma wanda ransa ke kan lantarki, in aka kai shi wani fannin da ƙyar yake mai da hankali.

Ɗan uwa, bari in gaya maka abin da ke ciki, don kada ka ɗauka mugunta ce ta sa aka gindaya sharaɗin. Kwas ɗin shekara biyar ne. A shekarar farko za ka yi Fiziks zalla, da darasi da aikin ɗakin gwaji: motsi, zafi, lantarki da maganaɗisu. Daga aji biyu a fara nazarin kewayen lantarki, dokar Ohm da dokokin Kirchhoff su zama abincinka na kullum. Gaba kuma sai yadda diyod da taransisto suke aiki daga cikinsu, da yadda taransifoma ke sauya ƙarfin wuta ba tare da waya ta taɓa waya ba. Duk wannan Fiziks ce aka sa wa rigar injiniya. Malami ba zai tsaya ya koya maka abin SS2 ba, ɗauka yake ka zo da shi. Ina da abokan da suka shigo da A1 ta cibiyar satar amsa, wallahi tausayi suke ba ni, kwasan aji ɗaya na bin su har yau. Don haka ka karanta ta da gaske, ba don takarda kaɗai ba.

Kuma kana da abin da da yawanmu ba mu da shi. Kai ka riƙe mita ka auna batir, ka ga abin da ke faruwa in an jera farantan sola a layi ɗaya da in an haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Babin lantarki zai zo maka da sauƙi. Inda za ka sha aiki shi ne motsi, haske da igiyoyin sauti, can za ka zuba ƙarfinka.

Tsohon ɗan poli: Wanda ya ce maka poli ba ta neman Fiziks bai san poli ba. Ni ND, wato ƙaramar difloma ta poli, na yi a lantarki, sannan na shiga jami'a aji biyu. Tun wajen tantance takardu sai da aka duba kiredit ɗina na Fiziks da Lissafi, haka ƙa'idar NBTE, hukumar da ke kula da makarantun poli, take. Hanya ce mai kyau, musamman ga mai son aikin hannu irinka, amma ita ma sai da Fiziks ɗin.

Malamin sakandare: Haka IJMB. ABU ce ke kula da shirin, kuma mai neman injiniya Lissafi, Fiziks da Kemistiri zai yi a mataki na gaba da sakandare. Wanda bai yi ta ƙasa ba, ina zai kama ta sama? Ko ka ci, ranar tantancewa za a sake neman kiredit ɗinka biyar. Amfanin makarantun share fage, irin ta ABU da ke Funtua, shi ne za ka samu malamai da tsarin karatu. Ka tambaye su sharuɗɗansu na bana da bakinka, kada ka dogara da dillalan fom.

Wani daga Ingila: A nan jami'o'i da dama Lissafi suka fi riƙewa, suna karɓar wani darasin kimiyya a madadin Fiziks, wasu kuma suna da shekarar share fage. Na faɗa ne don za ka iya cin karo da irin wannan bayani a intanet. Tsarinsu ne, bai shafi JAMB ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To Malam, zan iya cike JAMB kafin sakamakon ya fito? Kuma yaya zan yi da gwajin aiki, ni da ban taɓa shiga ɗakin gwaji ba?

Malamin sakandare: Za ka iya, akwai gurbin masu jiran sakamako. Amma da zarar ya fito ka je cibiyar JAMB a ɗora maka shi, in ba haka ba ba za a ba ka gurbi ba ko makinka ya kai. Gwajin aiki kuma, a jarrabawar WAEC ta masu zaman kansu a takarda ake yin sa: a ba ka zane da awo, ka cike jadawali, ka zana giraf, ka fitar da amsa. Duk da haka ka nemi malamin da zai nuna maka kayan ka taɓa su da hannunka. Ka samu manhajar jarrabawar da tambayoyin shekarun baya, ka roƙi kawunka ya riƙa sallamarka bayan La'asar, ka fara daga littafin SS1 a wannan makon.