Neman shawara: zan cika shekara da barin ƙwaya, kuma ya faɗo daidai da shigar sabuwar shekara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni matashi ne a Kaduna, keke napep nake ja. In Allah Ya kai mu ƙarshen Disamban nan zan cika shekara guda rabona da tiramol da kodin. Ba ni kaɗai na ɗauko wannan tafiya ba, mu huɗu ne. A asibiti muka san juna, kuma tun da aka sallame mu duk Juma'a bayan la'asar muke haɗuwa wurin mai shayi mu ji yadda kowa ya ƙare da satinsa. Mu uku muna nan a kan bakanmu. Na huɗun, wanda a da shi ne ma mai ƙarfafa mana gwiwa, ya koma ruwa tun bayan Babbar Sallah. Yanzu gudunmu yake yi. Jiya ƙanwarsa ta ce mini kawunsu na maganar a kai shi gidan mari.

Ina so in haɗa mana ɗan ƙwarya-ƙwaryar walima mu shiga sabuwar shekara tare, har ina tunanin in rubuta labarina a Facebook. Ya dace? In ya dace, in kira wanda ya koma ɗin ko in ƙyale shi? Sannan tsofaffin abokaina na majalisa sun kama ɗaki a otal daren 31 ga wata, sun ce in zo ko lemo ne in sha, ai an san na daina. Zuciyata na raya mini in je su ga na fi ƙarfin abin yanzu. Ku ba ni shawara.

Baban Khadija: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara tsare ka, ƙanena. Otal ɗin nan ko ƙofarsa kar ka bi. Kai ka fi ni sanin cewa a cikin kwalbar lemon ake juye kodin ɗin. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wa kake so ka burge a cikinsu?

Ma'aikacin jinya: Na yi aiki da masu irin wannan lalura, don haka zan ɗan tsawaita. Akwai abin da ba a cika gaya wa wanda ya daina ba, kuma shi ke kashe mutane. Lokacin da kake sha kullum, jikinka ya saba, shi ya sa kake ƙara yawa kafin ka ji ta. Bayan shekara guda wannan sabon ya gushe. In mutum ya zame ya haɗiyi adadin da ya saba a da, jikin ba zai ɗauka ba. Tiramol mai yawa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi da kodin kuma duk suna danne numfashi, balle in an haɗa da roci ko wata ƙwayar barci. Wato kai da kake ganin ka yi ƙarfi, in ka zame dare ɗaya ka fi waɗancan abokan naka shiga haɗari.

Wani abu kuma, cikar shekarar kanta tarko ce. Mutum sai ya ce ai na warke, bari in yi wa kaina tukuici sau ɗaya. Na ga wannan ba sau ɗaya ba.

Batun abokinka, gidan mari ba magani ba ne. A nan Kaduna, a Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, a mayar da shi hannun likita. In har yana haɗawa da ƙwayar barci, yanke ta farat ɗaya ma haɗari ne, a hankali likita ke rage ta.

Malam na Tudun Wada: Ɗana, na taya ka murna. Godiya ga Allah a kan ni'ima ba ta da laifi, ka ciyar da mutane, ka yi sadaka. Amma ni ban ga dalilin ɗaura ta a kan daren 31 ga Disamba ba. Mu shekararmu da Muharram take farawa, ga azumin Tasu'a da Ashura a cikinsa. Labarinka kuma kar ka baza shi a Facebook. Abin da Allah Ya rufa maka, kai ma ka rufa. Gobe za ka je neman aure, wanda bai san wahalar da ka sha ba shi zai tono rubutun. Game da abokinka, ya zo a Bukhari cewa an kawo wa Annabi (SAW) wani da ya sha giya, wani daga cikin mutane ya yi masa mugun baki, sai Annabi ya hana, ya ce kada ku zama masu taimakon shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Kar ku yar da shi.

Maman Ihsan: Malam, Allah Ya gafarta, na yarda da maganar rufin asiri. Amma shi ba bikin shekarar wasu yake son yi ba, ranarsa ce ta faɗo a wurin. In ya jira Muharram ai watanni ne a gaba, daren nan kuwa zai zo ko ya so ko bai so ba, ana ta harba nokawut ana ƙona tayoyi, waya na ta ƙara. Gara ya same shi da shiri.

Ni mace ce, a ɗakin aurena na sha kodin. Lokacin da gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi a Mayun 2018, bayan rahoton nan na BBC a kan shan kodin a Najeriya, kwalba ta yi tsada amma ba ta ɓace ba, don haka ba dokar ce ta raba ni da shi ba, mata biyu ne da ba su gaji da ni ba. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da su a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Da yawanmu ba mu da wanda zai ce mana sannu da ƙoƙari. Kai da ka samu abokan tafiya, yi walimarka. A yi ta da rana, a gidanku, a gaban mahaifiyarka in tana raye. Ita ta fi kowa cancantar cin wannan shinkafa.

Ɗan Kawo: Ni dai kar ka kira wanda ya koma. Ku uku da ƙyar kuka kawo nan. Ya zo muku yana layi, ko da abu a aljihu, wa ya san wanda zai ja? Tausayi daban, ganganci daban.

Yaya Babba: Ɗan Kawo yana da gaskiya rabi. Kar a aika masa da saƙon gayyata kamar kowa, don kunya ba za ta bar shi ya zo ya zauna ana yabon masu shekara guda ba. Ku je ku same shi da safe kafin ranar, ku biyu, ba kai kaɗai ba. Ba wa'azi, ya sha shi ya ƙoshi. Ku ce kujerarsa tana nan wurin mai shayi. In zai zo walima, sharaɗi ɗaya: ya zo garau, aljihu wayam. In bai zo ba, a kai masa abincinsa gida. Ya san dai ba a share sunansa ba.

Direban Kano-Kaduna: Kowa na maganar otal, ni keken nake ji. Daren 31 dare ne na samun kuɗi, za a yi ta tare ka har asuba. To me ya fara kai mu ga tiramol in ba neman ƙarfin kwana a kan titi ba? Ka haɗa balas ɗin ranar tun da wuri, ka ajiye keke da magariba. Kuɗin dare ɗaya bai kai ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na gaya wa 'yan majalisa ba zan zo ba, ɗaya har ya yi mini dariya, na share lambarsa. Walima sai ranar 1 ga wata bayan azahar a gidanmu, Inna ta ce ita za ta dafa. Daren kuma mu uku a ɗakin yayana za mu kwana, wayoyi a hannunsa. Facebook na fasa. Abin da ya rage mini kawun abokina ne. Dattijo ne mai zafi, ba zai saurari yaro kamata ba.

Malam na Tudun Wada: Turo mini unguwar ta akwatin sirri. In ma'aikacin jinya zai samu sarari ranar Asabar bayan la'asar, sai mu je tare, shi ya yi bayanin asibiti, ni in yi nawa.

Ma'aikacin jinya: Asabar ina aikin safe, ƙarfe biyu nake tashi. Zan zo, in sha Allahu. A ce wa ƙanwar ta nemo katinsa na asibiti kafin mu iso.