"Sabo turken wawa": ta dace da mai bankwana da garin da ya zauna?

Ɗan Bu'us: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana karin magana. Na kammala karatu a Azhar, an yanki tikiti, saura in haɗa kaya in bar Alƙahira. Muna waya da kawuna na ce masa wallahi raina a jagule yake, ko gadar Ƙasrun Nil na bi sai in tsaya ina kallon mutum-mutumin zakunan nan kamar yau na fara ganinsu. Sai ya yi dariya ya ce, "Sabo turken wawa." Tun daga nan abin yake cina. A nan maganar take zama, ko kawu shaguɓe ya yi mini?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Ɗana, kawunka tsokanarka ya yi, amma bai ajiye maganar a gurbinta ba. Wanda ake jefa wa ita shi ne mutumin da amfanin zamansa a wuri ya ƙare, ya san ya ƙare, amma ya kasa tashi saboda ya saba. Kai kuwa ga jakarka a ɗaure. Wadda ta dace da kai ita ce "sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba".

Hajiya Babba: Allah ya gafarta Malam, wannan ta yi nauyi. Ni a wajen makoki kaɗai na san ana faɗinta. Yaro zai hau jirgi ya koma wurin iyayensa lafiya lau, kana kawo masa zancen mutuwa.

Malam Mai Alli: Hajiya, ai maganar da kanta ta cire mutuwar daga ciki. Cewa take yi abin da ke sa hawaye shi ne mutum ya waiwaya inda ya saba ganin abu ya tarar babu. Duk inda rabuwa ta shiga tana aiki.

Matafiyi: Ni dai ina bayan kawu. Ku je Hayyul Ashir, unguwar da ɗalibai baƙi ke zama a Alƙahira, ku gani. Akwai waɗanda suka gama karatu tuntuni, ba karatun ba aiki, kowace shekara sai su ce bana za su koma, bana ta zama bara. Babu wanda ya fara da niyyar zama. Da irin wannan "raina a jagule" ake farawa, sai a ɗage tafiya zuwa bayan salla, sai a nemi wani kwas. Kawu ya hango turken tun ba a kafa shi ba.

'Yar Istanbul: Yaya Matafiyi ka cika tsanani. Ni wadda ta fi kama ni ita ce "kowa ya bar gida, gida ya bar shi", domin na gano ba gidan haihuwa kaɗai take nufi ba. Lokacin da nake zaune a Istanbul, filin jirgin Ataturk na sani, da idona a rufe zan fita daga cikinsa in hau jirgin ƙasa. A watan Afrilun 2019 aka mayar da jiragen fasinja sabon filin da ke arewa da birnin. Da na koma ziyara, tun daga sauka na zama mai tambayar hanya. Na je unguwarmu, ginin yana nan, wani labule ne daban a tagar ɗakina, ƙawayena kowa ta kama gabanta. Ɗan'uwa, ka yi kallonka da kyau yanzu, don Alƙahirar da za ka tarar in ka dawo ta wasu ce.

Baban Yara: Ƙanwata, a nan zan saɓa miki. Wannan maganar gargaɗi ce ga wanda ya yi nisa da danginsa har aka daina shawara da shi. Ba a kiran garin da kake zaune da izinin takarda gida. Hausawa sun riga sun yanke: "baƙo raɓa, ɗan gari kaba." Rana na ɗagawa raɓa ta tafi, kaba kuwa tana nan inda ta tsiro. Duk wanda ke sabunta iƙama ya san ko shi wane ne a cikin biyun.

Ɗan Bu'us: Baba, gaskiyarka ta nan ɓangaren. Yayyenmu a ginin Mujamma da ke dandalin Tahrir suke sabunta tasu, mu kuma tun 2019 Abbasiyya muke zuwa, ofis ya sauya amma sunanmu bai sauya ba. Masallacin Azhar kuma tun shekarar 972 ake salla a cikinsa, ya ga tafiyar dubban irina. To amma ga wata: an ce baƙo ko da ido makaho ne. Ni yanzu a tashar Shuhada, ƙarƙashin dandalin Ramsis inda layi na ɗaya da na biyu suka haɗu, Bamisire ɗan ƙauye ne yake tare ni ya tambaye ni wane jirgi zai hau, in nuna masa da harshensa. Wane ne baƙon a tsakaninmu?

Baban Yara: Kai ne. Shi ya ɓata hanya ne kawai, ba wanda zai tambaye shi fasfo.

Hajiya Babba: Kai Baban Yara, ka bar yaron nan ya ji da abu ɗaya mana!

Malam Mai Alli: Abin da nake so a lura, "baƙo raɓa" ba don a wulaƙanta baƙo ake faɗinta ba. Mai masauki ake rarrashi da ita, a ce ya yi haƙuri da ɗawainiya, ba daɗewa za a yi ba. Ban taɓa jin baƙo ya faɗa wa kansa ba, balle a faɗa masa a gaban idonsa.

Matafiyi: To Malam, yau an fara. Ɗan Bu'us, kafin ka gama kallon zakuna, ka tabbata an buga wa shahadarka hatimin ma'aikatar harkokin waje da na ofishin jakadancinku, don in ka sauka babu su aiki ne ja.