Ramin taki na ƙungiya a ƙasar yashi: ina ruwa, ina kara?

Ɗan Maigatari:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta manoma ta haɗa ƙauyuka huɗu kusa da iyakar Nijar. Buhun takin zamani ya fi ƙarfinmu, gonakin kuma jigawa ce, yashi zalla, gero sai ƙanƙancewa yake yi. Shi ne aka kawo shawarar mu haƙa manyan ramuka wuri ɗaya, kowa ya kawo kara da ƙaiƙayi da toka, mu sayo kashin dabbobi a kasuwar Alhamis, in ya ruɓe a raba. Malamin gona ya ce sai an riƙa jiƙawa ana juyawa, mu kuwa da bazara ruwan sha ma layi ake yi masa. Ga shi kara ya zama kuɗi, ana girbi ake ɗaure shi. Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan ya ba mu haske.

Manomin Illela:
Wa alaikumus salam. Illelar jihar Tawa nake, ba ta Sakkwato ba. Malam, ku bar maganar babban rami. Abin da ya tashe mu a nan tassa ce, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa. A 1989 aka kai wasu manoman yankinmu Yatenga ta Burkina Faso suka ga irin ramukan da ake kira zai a can, aikin da marigayi Yacouba Sawadogo ya yi suna a kai, suka dawo suka gyara tassarmu ta da. Da rani ake haƙa ƙananan ramuka, faɗin kamar santimita 20 zuwa 30, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki tafi ɗaya ko biyu. Gara ta zo ta ci, ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin ya nutse. Ba wanda ya ɗauko jarka.

Sai dai tassa ta fako ce, ƙasa mai tauri da ruwa ke gudu a kanta. A yashi irin naku iska za ta cike ramin kafin damina. Ku dai ɗauki dabarar: kada a watsa taki ko'ina, a sa shi a gindin shuka. Ko takin zamani, masu bincike na cibiyar noma ta ICRISAT a Sadore, nan Nijar, sun nuna giram 6 na NPK a kowane ramin shuka yana aiki. Sun kuma gwada barin kara kwance, kamar tan 2 a hekta, suka ga yana rage kwasar ƙasa da iska ke yi. In gawo ya tsiro, kada a sassabe shi.

Uwar Biyu:
Ɗan uwa, da kuka yi zaman nan, an tambayi wa zai ɗebo ruwan? Mu da yara ne. Karan kuma shi ne girkinmu, shi ne dannin gida, ganyensa na awaki. Babu macen da za ta zuba harawa a rami tana kallo, alhali cikin akuya shi ne ramin takin da ya fi sauri. Ni a turke nake shimfiɗa ƙaiƙayi da ragowar abin da suka tattake, ya sha fitsari da kashi. In ya yi kauri in kwashe zuwa jujin bayan ɗaki, in zuba toka kaɗan da ruwan wankin hatsi, in rufe da tsohuwar zana saboda rana. Kowane gida ya yi nasa mana. Na taro, wani zai kawo kwando ɗaya ya nemi amalanke guda.

Na Bakin Birni:
Gaskiyar Hajiya. Mu a kewayen Kano iyayenmu da mangala a kan jaki suke kwaso sharar birni, ita ta riƙe gonakinmu shekara da shekaru ba hutu. Yanzu sharar leda ce da batir da kwalba, sai an tsince. Na kasuwar dabbobi ya fi tsabta, amma danye ne, yana ɗauke da irin ciyawa, ku bar shi ya yi zafi a tsibi tukuna.

Inda ƙungiya za ta yi amfani shi ne abin da gida ɗaya ba zai iya ba. Ku sayi amalanke da shanun ja, a riƙa bin layi. Ku yi ciniki ɗaya da shugabannin kasuwa na shekara, kafin masu lambu su riga ku. Ku zauna da masu gari da arɗo a tsayar da ranar sakin gonaki, kamar yadda hukuma ke yi a Nijar, a dawo da tsarin da garke ke kwana a gona ana ba makiyayi dami. A kuma hana ƙona sassabe.

Ɗan Maigatari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan kai maganar amalanke da zama da arɗo gaban taro, mata ma za a kira su. Malam na Illela, takin gindin shukar nan, da binne ake sa shi ko sai gero ya tsiro? Tsorona kada ya ƙone irin in ruwan farko ya yi ƙaranci.