Bin diddigin jarirai bayan aikin ruwan ƙwaƙwalwa ya gagare ni

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ni ke riƙe da rajistar jariran da aka yi wa aiki saboda taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Wasu an sa musu bututun da ke kai ruwan cikin ciki, wasu kuma an yi musu ETV/CPC, aikin da Dakta Benjamin Warf ya ɓullo da shi a Mbale ta Yuganda, inda ake buɗe wa ruwan hanya a cikin ƙwaƙwalwa, a kuma ƙona sashen da ke samar da shi, ba tare da barin bututu a jiki ba.

Matsalar sai bayan sallama. In ETV/CPC zai gaza, galibi cikin wata 6 na farko ne, kuma daidai lokacin iyaye ke ɗauke ƙafa. Na karɓi lambobin waya, da yawa yanzu a kashe suke. Na raba wa uwaye tef na awon kai, don saurin girman kai alama ce ta sake taruwar ruwa, sai awon ya zo a hargitse. Wata ta kan hula take aunawa, wata ba ta bi ta ƙeya, har kan wani yaro ya "ragu" da santimita 3 cikin mako guda! In na sami wata a waya na tambayi alamun gazawar aikin, kamar amai, kumburin maɗiga ko ido mai kallon ƙasa, amsar dai "da sauƙi" ce, ko da yaron ya rage shan nono.

Rajistar yanzu tana nuna kamar kowa ya warke, alhali labarinsu ne ba mu ji ba.

Don Allah, masu irin wannan aiki, da wace hanya kuke tabbatar da halin yaro a wata na 6 in iyayensa ba su dawo asibiti ba?